Salati Ɗari Daga Bakin Kwalbati

Tun da na dawo daga tafiyar nan ban huta da tambaya ba. Mata sun zo barka da dawowa, sun sake zuwa, kowace sai ta ce in ba ta labari tun daga farko. Ni kuwa in na kai wani wuri sai kuka ya tare mini murya, labarin ya tsaya nan. Shi ya sa na zaunar da jikata Luba da takarda, na ce ta rubuta yadda na faɗa, don ni ko baƙi ɗaya ban sani ba. Wanda duk ya sake tambaya, a karanta masa.

Sunana Kulu, a Magarya nake zaune, ƙasar Wurno. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara talatin da wani abu yana aikin hanya. Da lebura ya fara, ya ƙare yana shugaban leburori, ana ce masa Heluma. Ba shi ke zuba kwalta ba. Nasa aikin na gefen hanya ne: gangare, lambatu, kwalbati, duk inda ƙasa za ta iya zamewa ta rufe hanya ko ta tafi da ita. Ya rasu bara da kaka, ana cikin yankan gero. Na yi takaba na fita, amma ƙafata ba ta ƙara wuce ƙofar gida ba. Shekara hamsin ba ɗaya munka yi tare. Har yau in na tashi dama fura, sai in ga na dama ta mutum biyu.

Da bazara, ana jiran ruwan farko, wata mata ta yi sallama. Ga hijabi, ga wasu manyan takalma irin na soja. Ta durƙusa ta yi mini ta'aziyya, ta ce sunanta Saratu, injiniya ce, ita ke zagayen duba gangaren hanyoyi kafin damina. Ta ce akwai wani wuri gaba da Goronyo inda anka yanke tudu anka fidda hanya a gindinsa. Yanzu tudun ya tsage daga sama, gindinsa ya kumbura, ga gidajen masunta jere a tsallaken hanya. Ruwa ne ya taru a cikinsa ya rasa mafita.

"Inna, an ce mani akwai magudana ta duwatsu cikin tudun, Heluma yag gina ta. Bakinta ya ɓace, takardun gara ta cinye, waɗanda sunka yi aikin duk sun rasu. Tsoho guda yar rage, shi ma ba ya gani. Shi yac ce in nemo ki, wai kullum ke ka kai ma Heluma hura wurin."

Na tambaye ta, in ba a samu ba fa? Ta ce haƙa sabuwa sai da babbar mota mai haƙa, ita kuwa ba za ta samu ba sai bayan damina. Ke nan dole a tashi mutanen daga gidajensu, a rufe hanyar.

Na san wurin. Can anka kai ni amarya. Na ce mata ni ba mai tafiya ba ce yanzu. Ba ta matsa mini ba. Ni ce da kaina na ji ina cewa Luba ta ɗauko mini lulluɓi da sanda.

Motarsu guda ce, mai buɗaɗɗen baya, cike da shebur da diga da turaku. Zagayen kuma sai ya bi ta Rabah da Gandi kafin Goronyo, ba su da halin dawowa ɗaukata, don haka duka tafiyar anka yi da ni. Direban sunansa Malam Jabbi, mai furfura a gemu, bakinsa ba ya hutawa sai in ya tayar da sallah. Tun kafin mu bar Magarya ya kifa mini hular kwano bisa lulluɓi, ya ce doka ce. Na ce kaina bai taɓa ɗaukar kwano a kife ba. Ya ce, "Inna, yau ya ɗauka."

Wajen Kwargaba munka fara tsayawa. Na zauna a inuwar mota ina kallon Saratu. Ta hau saman gangaren tana tafiya a hankali, kai ƙasa, kamar mai neman allura. In ta ga tsaga sai ta kafa turke nan, ta kafa can, ta auna tsakaninsu ta rubuta, wai in ta dawo ta ga sun ƙara nisa, ta san ƙasa na tafiya. Ta sauko ta bi gindin tana taɓa ƙasa da hannu ko da danshi. Ta leƙa cikin kwalbati, ta tarar yashi ya cika rabinsa. Ina ganin yadda ta karkatar da kai tana duban wani icce da ya sunkuya, sai hawaye sunka zubo mini. Haka marigayi ke yi. Ko biki za mu, in munka zo gangare sai ya bar ni tsaye ya tafi leƙen rami.

A nan munka tarar da wani mutum da jakinsa yana haƙar ƙasa a gindin gangaren zai yi yaɓe. Saratu ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Baba, gindin ka cira, mi za ya riƙe saman?" Ya ce tun kakansa nan ake ɗiba. Na kasa yin shiru. Na ce, "Kai wane, kakan naka da hannu ya ɗiba ko da jaki?" Ya dube ni da hular kwano, ya rasa ko wace ce ni, ya ja jakinsa. Saratu ta bi shi ta nuna masa wani wuri nesa da hanya inda zai ɗiba ba laifi.

A shingen shiga ƙasar Rabah 'yan sintiri sunka tsayar da mu. Zamanin nan ba a tafiya sai da rana, kowace mota kuma sai an leƙa. Ɗaya ya nuna ni ya ce wagga tsohuwa fa? Malam Jabbi ya gyara murya ya ce, "Ka yi hankali, babbar injiniyarmu ta. Ita ka koya muna aiki." Mutumin ya sara mini. Ban san yadda ake amsawa ba, na ce Allah ya yi maka albarka.

A Rabah gidan gwaggon Saratu munka sauka. Sun yi mana tuwon dawa da miyar kuɓewa busassa, sun zuba man shanu har yana iyo. Mu a Magarya ba mu yi wa baƙo haka sai in neman aure ya zo. Sunka nuna mini gado mai katifa, na zauna bakinsa na ji ina nutsewa, na ce a ba ni tabarma don Allah. Gwaggon ita ma mijinta ya rasu shekara takwas. Ta ce mini shekarar farko ce mai tsawo, sauran suna tafiya da kansu. Ban yarda da ita ba, amma na ji daɗin da ta faɗa.

Washegari munka kama hanyar Gandi. Can gangaren ba na dutse ba ne, ƙasa ce anka tara anka ɗora hanya bisa, don ta ƙetare fadama. Da an shuka jema a jikinta layi layi, ita ke riƙe ƙasar da saiwarta. Sai munka tarar masu saƙar zana sun zo, maimakon su yanka ta sama, sun tumɓuke ta da gindi. Ga ramukan gafiya, ga hanyar awaki ta zama zaizaya. Saratu ta sa anka kira mai unguwa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce a yanka jema, yankan ma ƙara mata ƙarfi yake, amma a bar mata gindi tsawon taƙi. Ta nuna musu yadda ake raba gindi guda a dasa biyar. Mai unguwa ya ce ai ba wanda ya taɓa gaya musu ciyawar nan aiki take yi.

Ranar kasuwar Gandi ce, tayarmu kuma ta yi faci dab da shiga gari. Kafin a gyara na shiga rumfar masu nono. Furarsu ta fi tamu yaji, nonon kuwa mai kauri ne, ludayi na tsayawa a ciki. Na so in riƙo wa Saratu, ba ni da mazubi, sai na cire hular kwanon na ɗauraye na ce a dama a ciki. Bafillatanar ta yi dariya har ta riƙe ciki. Malam Jabbi ya gan ni tafe da ita a hannu biyu, ya ce, "La ilaha illallahu! Inna, kayan gwamnati!" Shi ya fi kowa sha.

Rana ta uku da hantsi munka wuce Goronyo munka isa wurin. Ban gane shi ba. Da daji ne da bukkokin leburori, yanzu gidaje ne da kwale-kwale a kife da taru a shanye. Mutanen can ba su tambayar gona, sai su ce ina ruwa. Da kifi suke karya kumallo, abin da mu sai da sallah. Aka sauke ni gidan wata mata mai banda kifi, sunanta Hajo. Ɗakinta na kallon tudun sosai. Ta ce tun da tsagar ta fito, in jaki ya yi birgima a waje sai gabanta ya faɗi. Ta ce, "Inna, nan anka haihe ni, nan anka yi mani aure. In an tashe mu, ina za mu kai tanda da taru?"

Saratu ta ɗauke ni da mota ta hanyar baya zuwa saman tudun. Ashe tuni an jawo ruwan noman rani ta can, shi ke tsiyaya cikin ƙasa dare da rana. Tsagar ta yi tsawo, hannuna ya shiga har wuyan hannu. Turakun da ta kafa watan jiya sun ƙara nisa da yatsa biyu. Ta nuna mini su.

Da munka sauko, mutanen gari sun taru. Saratu ta ce, "Inna, ina wurin yake?"

Na duba. Itatuwan da na sani babu ko ɗaya. Abu guda ne bai canza ba, tsohon kwalbatin da ke farkon gangaren. Sai na gaya musu abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har shi marigayin. Lokacin ina amarya, in zan kai masa fura sai na ratsa leburori maza jere a bakin hanya, kunya kamar ta kashe ni. Kakata ta taɓa ce mini in kunya ta kama ni in yi salati. To daga bakin kwalbatin nan nake farawa, hannu ɗaya riƙe da ƙwarya a ka, ɗaya ina lissafi da gaɓɓan yatsu. Kullum ina cika ɗari ina isa gabansa. Shi kuwa a bakin magudanar yake zama, bisa wani faffaɗan dutse, don iska mai sanyi na fitowa daga ciki.

Na kama sandata na tsaya bakin kwalbati, na yi bisimilla na fara. Jama'a na biye da ni. Inda ɗari ta cika na buga sanda na ce nan ne.

Maza takwas sunka yi haƙa tun hantsi har azahar. Sun yi gabas, sun yi yamma, sun kai ƙugu. Ba dutse, ba danshi, sai jar ƙasa. Wani mai suna Ɗan Ige ya jefar da shebur ya ce, "An ɗauko muna tsohuwa tun daga Wurno ta zo ta sa mu gina rijiya." Aka tsawata masa, amma na ji. Na koma ɗakin Hajo na zauna. Ba maganarsa ta yi mini ciwo ba. Na ga kamar abu guda da marigayi ya bar mini in riƙe, shi ma na yar. Na yi kuka sosai, ban ɓoye ba.

Hajo ta shigo da ruwa. Ta zauna tana kallon ƙafafuna, can ta ce, "Inna, in tambaye ki. Ranar da kike wanga lissahi, da sanda kike tahiya?"

Na ce wace sanda, ina 'yar shekara sha bakwai, ga maza na kallona? Ai kamar ana korata nake tafiya.

Ta ce, "To yau ko kaza mai ƙwai ta hi ki sauri."

Ta fita da gudu ta kira Saratu. Saratu ta ji, ta riƙe baki, ta ce ita da takardunta duk wannan bai zo mata ba. Aka ce a nemo mace mai ƙarfin ƙafa ta yi tafiyar. Matan gari kowace ta noƙe, ga maza tsaye. Sai Saratu ta cire hular kwano ta ce a ba ta ƙwarya. Hajo ta yi mata gammo, ta cika ƙwarya da ruwa ta aza mata.

Gwajin farko ta tafi tana ɗaga kai kamar mai zuwa ofis. Na ce ba haka ba. "Ɗiyata, sadda kai. Matse zane. Ki ɗauka duk mazan ga idonsu na bisa gare ki, kuma kina son ki wuce tun ba su gama kallo ba." Malam Jabbi ya ce ai ba sai ta ɗauka ba, ga su nan suna kallo. Ta sake yi, na ce ta ƙara sauri kaɗan. A na uku na ga kaina.

Ni ba zan iya bin ta ba, don haka anka zaunar da ni gaban mota a bakin kwalbati. Aka yi da Malam Jabbi in na cika ɗari ya danna odar mota. Ɗan Ige ya ce to in bakin ma ya tsufa fa? Malam Jabbi ya ce, "Kwana ukku nike tare da bakin ga, ko kaɗan bai tsuhwa ba."

Saratu ta ɗaga ƙafa, na fara salati. Na rufe ido. Ban ji hayaniyar mutane ba, yatsuna na tafiya da kansu. Da na cika na ce, "Busa!" Ya danna. Na buɗe ido na hango ta can nesa, ta wuce ramin safe da nisa mai yawa, tana tsaye gaban wani ƙaton juji da ya jingina da gindin tudun. Toka ce da ƙayar kifi da shara, ta shekara da shekaru, ta fi mutum tsayi.

Saratu ta sa anka kawo dogon rodi, tana soka shi cikin jujin taki ɗaya ɗaya. Sau shida yana shigewa. A na bakwai ya yi ƙara. Aka kama kwasa da shebur da kwanduna, mata ma sunka shiga. Dab da la'asar faffaɗan dutsen ya bayyana. A ƙarƙashinsa ga bakin magudana, an toshe shi da laka da fasassun tukwane, an daɓe.

Wata tsohuwa a cikin taron ta tafa hannu ta ce, "Wayyo, ramin guza!" Ta ce surukinta ne ya toshe shi tun tana sabuwar aure, wai wani guza ke fitowa daga ciki yana kwashe masa 'yan tsaki. Kowa ya yaba masa a lokacin. Daga baya mata sunka ga wuri ne a kange, sunka mayar da shi wurin zubar da toka.

Saratu ta janye kowa gefe, ta hana a fasa gaba ɗaya. Ta ce a huda ƙaramar kafa tukuna, ruwan ya fito a hankali. Ɗan Ige ne ya karɓi rodin ya huda. Da farko baƙin ruwa ya fito mai wari, ya bi lambatu yana kumfa. Aka ƙara buɗewa kaɗan kaɗan. Na matsa na leƙa. Duwatsun na nan jere yadda ya jera su, manya ƙasa, ƙanana a tsakani, ko ɗaya bai goce ba. Na ɗora hannu bisa dutsen da yake zama.

Kafin rana ta yi ja ruwan ya washe, ya koma fari tas. Na ce a riƙe mini sanda. Na tsuguna na yi alwala da shi, na shimfiɗa lulluɓina gefen hanya na yi la'asar, na roƙa masa gafara. Da na sallame na tarar Ɗan Ige tsaye riƙe da takalmana. Ya ce, "Inna, ki yahe mani." Na ce ya je ya ƙarasa kwashe jujin.

Kwana biyu munka ƙara. Saratu ta sa anka gyara hanyar ruwan da ke sama inda take yoyo, anka cike tsagar da laka anka daɓe, anka jera kwandunan waya cike da duwatsu a gindin da ya kumbura. Ta sa ƙarfe mai raga a bakin magudanar saboda guza. Ta ce ba ta ce an gama ba, sai an ga abin da turaku za su nuna bayan ruwa, amma ba za a tashi kowa ba yanzu. Ta koya wa Hajo auna turakun da igiya mai ƙulli, ta ce in igiyar ta kasa kaiwa a kira ta ko ina take. Hajo ta ce duk macen da ta ƙara zuba toka wurin, ita da ita.

Sun maido ni Magarya da bandar kifi cike da kwando, har maƙwabta sun samu. Yanzu an yi ruwa huɗu, biyu manya. Shekaranjiya wani mai kawo kifi Wurno ya biyo ta ƙofar gidanmu da saƙon Hajo. Ta ce a gaya wa Inna igiya na kaiwa, magudana na zuba, suna kwana cikin ɗakunansu. Ta ce kuma in ruwa ya ɗauke, wajibi in zo in kwana biyu.

Na ce wa mutumin ya gaya mata ina tafe. Iyakar abin da na gani ke nan. Wanda ya ji, ya sa maigidana cikin addu'a.